Gisèle Lalonde: malamar da ta kare Faransanci a Kanada, da darasin da ta bar wa masu kishin Hausa

A Nijar, da zarar an ambaci Faransanci, abin da ke fara faɗo wa matashi a rai shi ne harshen ɗan mulkin mallaka, harshen takardar kotu da ta likita, harshen da ya sa yara da yawa suka shafe shekaru a aji ba su san abin da mushe ke faɗa ba. Tun watan Maris na 2025, lokacin da ƙasar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar OIF ta ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, muhawarar ba ta lafa ba. Ana yin ta a fada wajen shan shayi a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, ana kuma yin ta a zaurukan WhatsApp na ƴan ƙasar da ke zaune a waje.

Masu wannan muhawara za su amfana da sanin cewa akwai wurin da Faransanci shi ne harshen marasa ƙarfi. A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, masu magana da shi sun ɗan haura dubu 600, ba su kai kashi 5 cikin 100 na mutanen lardin ba, kuma sun shafe fiye da shekara 100 suna fafutukar kada Ingilishi ya haɗiye su. Cikin waɗanda suka ja ragamar wannan fafutuka akwai wata malamar makaranta mai suna Gisèle Lalonde, wadda ta rasu a ƙarshen watan Yulin 2022 tana da shekara 89. Rayuwarta ta nuna abu guda a fili: dokar da ta ɗaukaka harshe ba ta isa ta raya shi ba. Abin da ke raya harshe shi ne makarantar da ake karatu da shi, littafin da aka buga da shi, ofishin da ake amsa wa mutum da shi, da gadon asibitin da marar lafiya zai faɗi inda ke masa ciwo da shi a fahimce shi. Waɗannan kuwa sai an samu mutanen da suka sadaukar da shekarunsu kafin su tsaya da ƙafafunsu.

Dokar da ta raba yara da harshensu

Kafin a gane Lalonde, sai an san ƙasar da aka haife ta a cikinta. A 1912 gwamnatin Ontariyo ta fitar da wani umarni da aka sani da Doka ta 17. Umarnin ya taƙaita koyarwa da Faransanci ga shekaru biyu na farkon firamare kawai, daga nan sai a koma Ingilishi. Makarantar da ta ƙi bi ana iya yanke mata kuɗin gwamnati, malamin da ya ƙi bi kuma ana iya ƙwace masa takardar izinin koyarwa. Manufar ba ɓoyayya ba ce: ana so jikokin masu Faransanci su tashi ba su san harshen kakanninsu ba.

Mutanen ba su naɗe hannu ba. A 1913 suka kafa jaridar Le Droit a birnin Otawa domin yaƙar dokar. A makarantar Guigues da ke birnin, an hana wasu malamai mata biyu ƴan gida ɗaya, Diane da Béatrice Desloges, shiga aji saboda sun ci gaba da koyarwa da Faransanci. A watan Janairun 1916 iyaye mata suka mayar da su makarantar, suka tsare ƙofa, suna riƙe da dogayen alluran da matan zamanin ke soke hulunansu da su, suka hana ƴan sanda fitar da malaman. Sai a 1927 gwamnati ta daina aiki da dokar. Neman afuwa a hukumance kuwa sai a watan Fabrairun 2016 ya zo, daga bakin shugabar gwamnatin lardin ta lokacin, Kathleen Wynne.

Shekara shida bayan an daina aiki da dokar, a 1933, aka haifi Gisèle a Eastview, wani ƙaramin gari na ma'aikata da ke manne da Otawa, wanda akasarin mutanensa masu Faransanci ne. A 1969 aka sauya wa garin suna zuwa Vanier. Ta tashi a hannun iyaye da malaman da suka ga wancan zamani da idonsu, a lardin da yaro mai Faransanci ba shi da sakandaren gwamnati da zai yi karatu da harshensa. Sai a 1968 dokar lardin ta ba da damar kafa irin waɗannan makarantu da kuɗin jama'a. Kafin nan, wanda iyayensa ba su da halin biyan makarantar kuɗi ta ƴan mishan, ko dai ya koma Ingilishi ko ya ajiye karatu.

Daga allo zuwa zauren shawara

Lalonde ta fara koyarwa a farkon shekarun 1950, ba ta ma cika shekara 20 ba, kuma ta yi sama da shekara 20 tana wannan aiki. A cikin aji ta gano abin da kowane malami ya sani: ba a koyar da yaro da doka, da littafi ake koyar da shi. Ƴan makarantun Faransanci na Ontariyo sun dogara ne da littattafan da aka rubuta don yaran Kebek ko na Faransa, waɗanda ba su dace da manhajar lardin ba, ko kuma malami ya kwana yana fassara na Ingilishi da hannunsa.

Maimakon ta tsaya ga ƙorafi, sai ta nemi kujerar da ake yanke hukunci a kanta. A Ontariyo, jama'a ne ke zaɓen wakilan hukumomin da ke tafiyar da makarantu. Ta tsaya takara, aka zaɓe ta, ta yi shekaru tana wakilci. A 1974 ta kafa cibiyar CFORP, wadda aikinta shi ne tattarawa da rubutawa da buga kayan koyarwa da Faransanci domin makarantun lardin. Cibiyar na nan har yau. Aiki ne da ba ya kawo tafi, babu mai ɗaukar hoton wanda ke gyaran littafin lissafi na ƴan aji uku. Sai dai da babu irin wannan aiki, da haƙƙin da aka samu daga baya ya tsaya a takarda.

Haƙƙin kuwa ya zo. A 1982 Kanada ta saka kundin haƙƙoƙi da ƴanci a cikin tsarin mulkinta, sashe na 23 na kundin ya ba iyayen da ke cikin tsirarun masu Faransanci ko Ingilishi damar karantar da ƴaƴansu da harshensu a makarantun gwamnati, matuƙar yawan yaran ya kai. A 1990, a shari'ar Mahé da ta taso daga lardin Alberta, kotun ƙoli ta ce wannan haƙƙi ya haɗa da ikon tsirarun su tafiyar da makarantunsu da kansu. A 1998 Ontariyo ta samu hukumomin makarantu 12 na masu Faransanci zalla. Daga Doka ta 17 zuwa wannan rana, shekara 86 ke nan.

A tsakanin nan Lalonde ta faɗaɗa fagenta. A 1977 ta tsaya takarar majalisar lardi a ƙarƙashin jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, ta sha kaye. A 1985 aka zaɓe ta magajiyar garin Vanier, mace ta farko a wannan kujera, ta riƙe ta har 1991. A 1989 ta jagoranci kafa ƙungiyar AFMO, wadda ta haɗa ƙananan hukumomin Ontariyo masu aiki da Faransanci. A shekarar ce kuma dokar lardin ta 1986 kan yi wa jama'a hidima da Faransanci ta fara aiki gaba ɗaya. Wanda ya gabatar da dokar a majalisa, Bernard Grandmaître, shi ma tsohon magajin garin Vanier ne.

Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga tsari a cikinsa. Aji ya nuna mata matsalar, hukumar makarantu ta koya mata yadda ake raba kuɗi, cibiyar littattafai ta koya mata yadda ake gina ma'aikata, kujerar magajin gari kuma ta koya mata siyasa. Lokacin da babban gwaji ya zo, da shirinta ya same ta.

Ranar da aka ce a rufe Montfort

A 1995 Mike Harris ya hau mulkin Ontariyo da alƙawarin rage haraji da rage kashe kuɗin gwamnati. Gwamnatinsa ta kafa wani kwamiti mai ƙarfin iko domin sake fasalin asibitoci, ya rufe wasu, ya haɗe wasu. Ranar 24 ga watan Fabrairun 1997 kwamitin ya ba da shawarar rufe asibitin Montfort da ke gabashin Otawa. Asibitin, wanda aka buɗe a 1953, shi ne babban asibiti ɗaya tilo a lardin da Faransanci ne harshen aikinsa na yau da kullum, tun daga mai karɓar baƙi har zuwa ɗakin tiyata, kuma a nan ake horar da ɗaliban likitanci da wannan harshe.

Lalonde tana da shekara 63 a lokacin, ta riga ta bar kujerar mulki. Aka nemi ta jagoranci ƙungiyar ceton asibitin, SOS Montfort, ta amince, duk da cewa gwamnatin da za ta tunkara ta jam'iyyar da ta taɓa yi wa takara ce. Ƙasa da wata guda bayan sanarwar, ranar 22 ga watan Maris, mutane kimanin dubu 10 suka cika wani babban zauren wasanni na Otawa, suna amsa kirari guda: rufe Montfort, har abada ba zai yiwu ba.

Kwamitin ya ɗan ja da baya a watan Agusta. Ya ce ba za a rufe asibitin ba, amma za a cire masa sashen gaggawa da akasarin gadajen kwanciya, a bar shi kamar wurin duba marasa lafiya su koma gida. Wasu sun ga kamar an yi nasara, ya kamata a karɓa. Lalonde da abokan tafiyarta suka ƙi, don sun san asibitin da aka cire wa waɗannan sassa ba zai iya horar da likita ba, kuma mutuwarsa ce aka jinkirta. Suka garzaya kotu, lauya Ronald Caza na cikin masu tsaya musu.

Ranar 29 ga watan Nuwamban 1999 kotun farko ta soke umarnin kwamitin. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Ranar 7 ga watan Disamban 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta Ontariyo ta sake ba masu Faransanci gaskiya. Hujjarta ta tsaya a kan ƙafa biyu: dokar 1986 da ta riga ta sanya Montfort cikin ma'aikatun da dole su yi hidima da Faransanci, da kuma ƙa'idar mutuntawa da kare tsiraru, wadda kotun ƙolin Kanada ta bayyana a 1998 a matsayin ɗaya daga cikin ginshiƙan tsarin mulkin ƙasar ko da ba a rubuta ta baƙi da fari ba. Ranar 1 ga watan Fabrairun 2002 ministan lafiya Tony Clement ya sanar cewa gwamnati ba za ta kai maganar kotun ƙoli ba. Shekara biyar cur aka yi ana wannan dambarwa. Daga baya aka faɗaɗa asibitin har ya ninka girmansa, a 2013 kuma aka amince da shi a hukumance a matsayin asibitin koyarwa na jami'a. Shari'ar na ɗauke da sunan Lalonde a littattafan lauyoyi, wata sakandaren gwamnati a unguwar Orléans ita ma tana ɗauke da shi.

Shin asibiti wurin rigimar harshe ne?

Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma gwamnatin Harris ba ta rasa hujja ba. Kuɗin lafiya ba su da yawa a ko'ina. Akasarin masu Faransanci na Otawa suna jin Ingilishi. An kuma yi alƙawarin cewa babban asibitin da za a haɗe zai riƙa karɓar mutane da harsunan biyu. Wasu asibitocin birnin, irin su Grace, an rufe su babu kotun da ta cece su. Mai lissafi zai ce me ya sa za a ware wa mutane ƙalilan asibiti sukutum saboda harshe kawai?

Amsar farko tana bakin gadon marar lafiya. Mutumin da ke ciniki da harshe na biyu a kasuwa ba lallai ne ya iya bayyana irin zafin da ke ƙirjinsa da shi ba. Tsoho mai cutar mantuwa yakan rasa harshen da ya koya da girma, ya koma wanda ya sha a nono. Mai taɓin hankali ba a iya duba shi sai ta hanyar magana. A irin waɗannan wurare, kuskuren fahimta kan zama kuskuren magani.

Amsa ta biyu ita ce ta fi nauyi, kuma ita ce aka kai gaban alƙalai. A ma'aikatar da aka ce ta harsuna biyu ce, harshen masu rinjaye ne ke cin kasuwa. Idan mutum tara masu Faransanci suka zauna taro da mutum ɗaya da ba ya ji, taron da Ingilishi za a yi shi, saboda taran suna jin harshensa, shi ba ya jin nasu. Haka rahoto, haka takardar magani, haka hirar ma'aikata a lokacin cin abinci. Sannu a hankali harshen tsiraru ya zama na gaisuwa a bakin ƙofa. Tun a 1964 masanin zamantakewa Raymond Breton ya yi bayanin cewa al'ummar da ke da cikakkun ma'aikatu nata na kanta ta fi daɗewa ba ta narke a cikin masu rinjaye ba. Montfort ya wuce wurin shan magani. Wuri ne da yaron Vanier zai ga cewa ana iya zama likita, a yi aiki, a ci abinci da harshen gidansu. Idan aka rufe irin wannan wuri, iyaye da kansu ne za su fara tura ƴaƴansu makarantar Ingilishi, ba tare da an kafa wata Doka ta 17 ba.

Gefen labarin da ba shi da daɗin ji

Bai kamata a mayar da Kanada aljannar harsuna ba. Masu Faransanci na Ontariyo sun yi nasara ne da ƙoƙarinsu, amma suna da gata a bayansu. Lardin Kebek mai miliyoyin masu Faransanci yana maƙwabtaka da su, kuma a 1995 saura ƙiris ya ɓalle daga ƙasar a ƙuri'ar raba gardama. Duk ɗan siyasar Kanada ya san cewa rufe Montfort zai zama makami a hannun masu son ɓallewa. Harshensu kuma harshen Turai ne mai jami'o'i da ɗakunan buga littattafai a nahiyoyi da dama.

Ƴan asalin ƙasar, waɗanda Turawan Faransa da na Ingila suka tarar, ba su samu wannan gata ba. An kwashe ƴaƴansu da ƙarfi zuwa makarantun kwana inda ake dukan yaro idan ya yi harshen uwarsa, kuma majami'u masu Faransanci na cikin waɗanda suka tafiyar da waɗannan makarantu. Na ƙarshensu sai a shekarun 1990 aka rufe su, dokar tarayya kan harsunan ƴan asalin kuwa sai a 2019 ta fito, bayan da yawa daga cikin harsunan sun kai gargara. Faransancin da aka zalunta a Otawa shi ne aka yi zalunci da shi a wasu wuraren, a Kanada da Afirka. Harshe ba shi da hali na kansa, halin mai riƙe da iko yake ɗauka.

Nasarar ma ba ta zama ta dindindin ba. Ranar 15 ga watan Nuwamban 2018 gwamnatin Doug Ford ta soke shirin kafa jami'ar Faransanci ta Ontariyo, ta kuma rusa ofishin kwamishina mai zaman kansa da ke sa ido kan hidima da Faransanci, duk da sunan tsuke bakin aljihu. Ranar 1 ga watan Disamba dubban mutane suka fito a garuruwa da dama, kwanaki kaɗan bayan wata ƴar majalisa mai suna Amanda Simard ta fice daga jam'iyya mai mulki. An ceto jami'ar, ta buɗe a Toronto a 2021, amma aikin kwamishinan an mayar da shi ƙarƙashin wani ofishi. Shekara 16 kacal bayan Montfort, sai da aka sake ɗaura ɗamara.

Abin da ya shafi Nijar

Darasi na farko na masu murnar ɗaukaka Hausa ne. Murnar tana da dalili, don harshen da mafi yawan ƴan ƙasa ke fahimta ya cancanci matsayi. Amma ayyanawa ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Tun a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Fiye da shekara 50 ke nan, har yanzu BEPC da BAC da Faransanci ake rubuta su, haka gasar shiga aikin gwamnati, haka takardar da likita ke miƙa wa majinyaci. Uban da ya ga cewa Hausa ba ta kai ɗansa ga difloma ko albashi, zai yi mata kirari da rana, da dare ya nemi kuɗin makarantar Faransanci. Ba za a ga laifinsa ba.

Tambayoyin da suka kamaci matasa su riƙa yi su ne irin waɗanda Lalonde ta yi a 1974. Wa zai rubuta littafin kimiyya na kwaleji da Hausa? Nawa aka ware wa cibiyar INDRAP da makarantun horar da malamai domin wannan aiki? Wa zai daidaita kalmomin shari'a da na likitanci, ta yadda alƙalin Tawa da na Damagaram za su yi amfani da kalma guda? Wace jarrabawa ce za a fara yi da harshen, kuma yaushe? Masu amsa waɗannan tambayoyi malamai ne, da masu fassara, da ƴan majalisar ƙananan hukumomi, da ma'aikatan da za su yarda su yi shekara 20 a kan aikin da ba ya tashe a Facebook. Matashin da ke ganin koyarwa aikin wanda ya rasa abin yi ne, ya dubi inda alli ya kai wannan mata.

Darasi na biyu ya fi ɗaci, don a Nijar Bahaushe ba ya matsayin Lalonde, yana matsayin masu rinjaye ne. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda 10 a jere ɗaya. Kundin 2025 ya ware Hausa ita kaɗai a wannan matsayi, ya kira sauran harsunan da ake magana da su a ƙasar. Ba abin mamaki ba ne da wasu masu Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci suka nuna damuwa. Akwai kuma waɗanda muryarsu ba ta kai Yamai sosai: Tubawan N'Gourti da Bilma, Buduma na bakin tafkin Chadi, masu Tasawaq na Ingal, Gurmawan Makalondi. Tsohuwar da ta zo gidan likita a ɗaya daga cikin waɗannan wurare, ta tarar ma'aikacin ba ya jin komai sai Hausa da Faransanci, matsalarta ɗaya da ta tsohuwar Vanier. Ce mata ai kowa na jin Hausa daidai yake da abin da aka faɗa wa mutanen Montfort, cewa ai kowa na jin Ingilishi. Wanda ya san zafin a yi masa magana da harshen da ba nasa ba a ofishin ƙasarsa, shi ya fi cancanta ya hana a yi wa wani. Darajar da Hausa za ta samu a matsayin harshen ƙasa za ta dogara da yadda masu ita suka riƙe ƙananan harsunan da ke kewaye da su: a ɗauki ma'aikatan lafiya da malamai daga cikin mutanen yankin, a buga littattafan farko da harsunansu, a ba gidajen rediyon karkara ƙarfi.

Ga waɗanda ke zaune a waje

Ƴan Nijar da suka yada zango a Otawa ko Toronto suna cin moriyar wannan gwagwarmaya kai tsaye, ko sun sani ko ba su sani ba. Makarantun Faransanci da ƴaƴan baƙi daga Afirka ke cikawa a yau, da asibitin da za a karɓe su da harshen da suka yi boko da shi, gadon su Lalonde ne. Tun 2009 Ontariyo ta faɗaɗa ma'anar mai Faransanci ta yadda ta haɗa da baƙin da Faransanci ba harshen uwarsu ba ne amma suna amfani da shi a gida, kuma iyayen da sashe na 23 bai shafe su ba suna iya neman gurbi ta hannun kwamitin karɓar ɗalibai na makarantar. Wanda ya ci wannan moriya, ya kamata ya shiga ƙungiyar iyaye, ya halarci taro, in ya samu takardar zama ɗan ƙasa ya yi zaɓen wakilan makarantu, ya ma tsaya takara.

Sai dai akwai wani harshen da babu sashe na 23 da zai kare shi a can, wato wanda aka baro a gida. Yaron da ke yin Faransanci a aji, Ingilishi a titi, Hausa kuma sai idan kaka ta kira a waya, nan da shekara 15 gaisuwa kaɗai za ta rage masa. Haka abin yake a Brussels da Lyon da New York. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ajin ranar Asabar a ɗakin da ƙungiyar ƴan ƙasa ta kama haya, da ƴan littattafan da aka yo saƙo daga Damagaram ko Kano, da ƙa'idar cewa a kan tabarmar cin abinci harshen gida ake yi, su ne ƙananan ma'aikatun da baƙo ke iya ginawa da hannunsa.

Matan da suka tsare ƙofar makarantar Guigues a 1916 ba su ga hukumomin makarantu na 1998 ba. Lalonde ta gan su, ta kuma ga Montfort ya ninka girmansa, saboda ta karɓi aikin daga inda suka ajiye, ta riƙe shi shekara 50. Hausa ta samu layi guda a kundin ƙasa a 2025. Abin da zai biyo bayan wannan layi yana hannun matasan da za su yarda su shiga aji, su zauna a zauren shawara, su rubuta littafin farko, su kuma bar wa maƙwabcinsu mai wani harshen wurin zama a kan tabarma ɗaya.